Kusu Mai Sanƙo

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Mai gari ya ɗan taɓa, liman ma bai fita fes ba, amma babban kason nawa ne, kuma ban yarda a raba shi da kowa ba. Jikokina sun sha jin labarin a bakin tsofaffin garinmu, kowa da irin yajin da yake barbaɗa masa. Shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta shi da hannuna, ko na samu in rage wa kaina wani abu. Da na gama na duba, sai na ga ban rage komai ba.

Ƙauyenmu yana kan hanyar Magarya zuwa Dungas, kuma a zamanin da nake magana ni kaɗai ne a cikinsa na taɓa zama bisa bencin lakkwal, wato makarantar boko. Ba don ƙwazo aka zaɓe ni ba. Ranar da gardi, dogarin gwamnati, ya zo ɗibar yara kowa ya ɓoye nasa a rumbu, ni kuwa ina bakin hanya ina cin ɗanyar gujiya. Na yi ƴan shekaru a Magarya, ban kai ga satifika ba. Malaminmu ya gaji da kaina, ni ma na gaji da bulalarsa, muka rabu kowa yana hamdala. Na dawo gida da Faransancin da bai cika ludayi ba, amma da yake ba mai ko ɗigo a garin, sai ludayin nan nawa ya zama rijiya. Aka laƙaba mini Mushe. A buro, wato ofis, kalmar girma ce, da ita ake kiran masu takalmi sau ciki. A bakin Bahaushe kuwa kowa ya san mushe, dabbar da ta mutu ba yanka. Akwai masu kirana da sunan nan suna wani jan murya, har yau ban san wanne suke nufi ba.

Abu na biyu da ya kamata a sani game da ni shi ne kaina. Tun ina saurayi gashi ya fara yi mini ƙaura, kafin a yi babbar yunwa ya gama kwashe kayansa, ya bar mini fili fetal kamar bayan sabuwar ƙwarya. Hula ba ta barin kaina ko a gona. Ina tsammanin asiri ne tsakanina da wanzami, ashe har awakin gari sun sani.

Akwai taubashiyata, ɗiyar kawuna. Mijinta ya tafi ci-rani kudu a shekarar yunwa, can ya rasu, ya bar mata yara biyu da kuka ɗaya a bayan gida. Kukar nan ba ƙarama ba ce, sai maza da dama sun haɗa hannu kafin su zagaye gindinta. Ita ta fitar da su daga yunwar. Ganyen ya zama miya, ƴaƴan a fasa a dama garin da ruwa ya yi fari kamar nono, yara su sha su yi barci, ƙwallayen ma a soya a daka. Shi ya sa in an yi mata zancen aure sai ta nuna bayan gida da haɓa ta ce ai tana da miji, ga shi can tsaye, bai taɓa tafiya ci-rani ba.

Ni dai ban karaya ba. Da ma tsakanin taubasai ba a rasa abin faɗa, sai na mai da wasan ya zama zance. Kullum rana ta sunkuya ina can, ta shimfiɗa mini tabarma a gindin kuka, ita tana tsince wake ko tana kaɗi, tana yi mini ba'a ina yi mata Faransanci. Ranar da na fito mata a fili, sai ta ɗaga kai ta kalli itacen.

Ta ce, "Mushe, ba zan shiga gidan kowa hannu sake ba. Bari kukar nan ta haihu bana, in sauke, in cika ɗan rumbun can, yarana su san suna da abin da ba na mijin uwarsu ba ne. Ran nan ka zo da goronka."

Ka ji yadda aurena ya hau bisa itace ya rataya.

Shekarar nan soja ba su daɗe da karɓar mulki ba, yunwa ta ɗan sake mu, ruwa ya sauka da kyau muka yi shuka. Sai ga kusa, ɓerayen gona. Ban taɓa ganin irinsu ba, kuma ba na fatan in sake. Ka binne hatsi da safe, kafin wata safiyar sun bi layi sun tone rami bayan rami, sun fi mai gonar sanin inda ya sa iri. Muka sake shuka, suka sake tonewa. Ana cikin haka malamin gona ya zo daga Magarya bisa ɗan babur ɗin nan da ake kira mobilet. Saurayi ne mutumin yamma, daga can bakin kogi, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ruwa" ba. Aka tara mutane a ƙofar mai gari, aka kira ni in yi tafinta. Na gyara hula na tsaya kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa, yadda mai wucewa ba zai gane wane ne baƙon gwamnati ba.

Abin da ya faɗa ba shi da wuya. A tona ramuka, a zuba ruwa, a sa maganin da ya kawo, a kashe suri, wato kusu. Ya maimaita har da buga hannu bisa sirdin mobilet: duk wani suri, kada a bar ko ɗaya. A yanke wutsiyoyi a tara, in ya dawo ya ga shaida. Na juya maganar da Hausa tsaf, har na ƙara da cewa kumandan mai mulkin Magarya da kansa zai zo ya shinshina gonar kowa. Wannan ƙarin nawa ne, don a ji tsoro.

Washegari da hantsi na biya ta gidan taubashiyata, na tarar tana shara a gindin kuka. Lokacin fure ne. Wanda bai san furen kuka ba, wani ƙullutu ne kore da ke reto a ƙarshen doguwar igiya, ya yi ta kumbura har ranarsa ta zo. Daf da magariba sai ya tsage, kana tsaye kana kallo, ya naɗe fararen leɓunansa sama, wani tuntu ya leƙo ƙasa kamar na hular dogari. Warinsa ba na turare ba ne, ya fi kama da tsamin kwanon da aka manta ba a wanke ba. To ga su nan ta tara tsibi guda, sun yi ja sun yamutse. Na ɗauki ɗaya na duba, duk jikinsa sawun farce.

Na ce, "Taubashiya, wa ya yi miki wannan ɓarna?"

Ta ce, "Wace ɓarna? Haka take yi duk shekara. Ya buɗe da magariba, gari ya waye ya faɗo."

Na ce, "Ashe duk shekara ana yi miki sata ke nan, ba ki da mai karatu a kusa."

Da yamma na zauna bisa tabarmata na sa ido. Ana kiran salla sai ga jemagu daga wajen fadama. A can suke wuni, a manyan gamji da durumin bakin tafki, suna rataye kai ƙasa kamar tsummokaran da aka shanya, suna ta tsiwa da junansu. Da damina suke zuwa, in sanyi ya shigo a neme su a rasa. Na ga ɗaya ya kewaya kukar, ya faɗa wa fure, ya rungume shi da farce, ya cusa kai ciki, igiyar tana lilo da shi. Kafin ka ce me ya saki ya nufi kukar maƙwabta, wani ya maye gurbinsa. Fure kuwa shi ne ɗa, ɗa shi ne rumbu, rumbu shi ne aurena. Aurena ake tsotsa a gabana ina zaune.

A nan ne ilimi ya faɗo mini. Na tuna wata rana a lakkwal malaminmu ya zana jemage a allo, ya rubuta sunansa da Faransanci, ya sa muka yi ta rerawa: shob-suri. Shob, mai sanƙo. Suri, kusu. Kusu mai sanƙo! Na miƙe tsaye har na taka mata kwandon wake. Malamin gona bai ce surin ƙasa ba. Cewa ya yi duk wani suri.

Da sassafe ina fadar mai gari. Na tarar da shi da liman da ƴan dattawa, kowa ido ja don gadin gona.

Na ce, "Ranka ya daɗe, rabin aikin gwamnati muke yi."

Ya ce, "Ina sauran rabin?"

Na nuna sama. Duk suka ɗaga kai, har da liman. Na warware musu bayani dalla-dalla, na rubuta kalmar a ƙasa da tsinke, na raba ta biyu da layi don kowa ya gani, ko da yake ba mai iya karantawa.

Mai gari ya ce, "Mushe, jemage ai tsuntsu ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a cikinku wa ya taɓa cin ƙwansa?"

Na ce wa ya taɓa ganin tsuntsu da haƙora? Wa ya taɓa ganin tsuntsu da kunne a tsaye? Mai gari ya juya wajen liman ya ce, "Allah gafarta malam, me littafi ya ce?" Liman ya shafa gemu ya ce shi dai tunda yake ba a taɓa kawo masa jemage yanka ba, saboda haka bai bincika ba, amma lalle ya taɓa ganin tana shayar da ɗanta, kuma kaza ba ta yin haka. Na ce a rubuta wannan a gefena.

Wani dattijo maharbi ya ce, "To amma ni na sha riƙe jemage a hannu. Da gashinsa a kai, lif-lif. Ina sanƙon?"

Na ce, "Baba, Nasaran da ya ƙera jirgin sama ne zai kasa gane sanƙo? In ya ce akwai, akwai. Wataƙila daga ciki yake."

Ya ce, "Wutsiya fa? An ce a tara wutsiya, shi kuwa ɗan abin da gare shi bai kai a kama ba."

Na ce, "Ka gani? Ya rufe sanƙo, ya datse wutsiya, ya ari fiffike. Wanda ba shi da laifi, me zai sa ya ɓad da kama haka?"

Wannan hujja ta karɓu. Na lura dai idanu suna ta zuwa kan hulata suna komawa. Mai gari, wanda ba abin da yake tsoro kamar a ce kumandan ya aiko, ya nisa ya ce, "Shi ke nan. Harkar sanƙo ka fi mu sani. Mu za mu ji da na ƙasa, kai ka ji da na sama. In an tambaya daga Magarya, kai za ka amsa." Nan take wani ya yi mini kirari da Sarkin Yaƙin Sama, na amsa ba kunya.

Rundunata ba ta yi yawa ba. Kowa yana gonarsa yana fama da kusan gaske, gamjin fadama kuwa ba mai taɓa shi, an ce akwai masu shi. Ni ma da na je na tsaya a gindinsa na ji yadda wurin ya yi sanyi, sai na ga dabarar yaƙi ba ta yarda a fara daga nan ba. Na tattara ƙarfina duka a kan kuka ɗaya.

Taubashiyata ta tare ni a bakin danga. Na ce umarnin gwamnati ne, mai gari ya sa hannu. Kawu ma ya leƙo ya ce ta bar ni, kada a ce gidansa ne ya ƙi bin soja.

Ta ce, "Hau, Mushe. Amma in ta yi fushi, kai da ita."

Na fara da gwangwanaye. Na jera su a igiya na zuba tsakuwa, na zauna a ƙasa ina ja. Jemagu suka ɗauka kiɗan maraba ne. Na koma hayaƙi, na tara busasshen kashin shanu na barbaɗa barkono na kunna. Iska ta juya, yaranta suka fito suna tari, akuyarta ta tsinke igiya, sai a garin Mallawa aka gano ta ranar kasuwa. Na kafa turaku a jikin kukar na hau da tsohuwar tasa da muciya, in na ga baƙi ya nufo in buga in yi ihu da Faransanci, tunda da shi aka raɗa musu suna. Masu dawowa daga masallaci suka riƙa tsayawa suna yi mini sannu da aiki, wasu har da zama.

Rannan na kama ɗaya, ya sarƙe a ƙayar da na rataya. Na sauko da shi a cikin gwangwani, na kai mata gaban fitila. Ban taɓa kallon jemage kusa haka ba. Fuska kamar ta ɗan kwikwiyo, idanu manya masu ruwa-ruwa, ƙirji yana bugawa kamar zai fashe. Ga hanci da goshi da wuya duk sun yi buɗu-buɗu da wani gari rawaya.

Na ce, "Ga ɓarawonki, ga kayan sata a fuskarsa. Sai yaya?"

Ta karkato fitila ta ce, "Ɓarauniya dai. Ba ka ga ɗa manne a cikinta ba? Sake ta, Mushe, ni ma na san fita neman abin da yara za su ci."

Na sake ta, amma sai da na ja mata kunne da Faransanci, na ce ta gaya wa sauran.

Ba su ji ba. Sai na zauna na yi tunani irin na masu ilimi. In ba za a iya hana ɓarawo zuwa ba, ai ana iya rufe kayan. Ni ne shaida, abin da aka sa wa hula ba mai ganinsa. Na yayyage tsohuwar rigata, na bi da wandon, na roƙi tsumma gida-gida. Kullum bayan la'asar in hau in bi ƙullutan da suka kumbura, waɗanda na ga yau za su buɗe, in sa wa kowanne hularsa in ɗaure da kaba. Kafin a jima kukar ta cika da ƙulle-ƙulle, fari da shuɗi da mai zanen fulawa, suna reto.

Labari ya bazu. Masu zuwa kasuwar Sassumbrum suka riƙa ratsowa ta bayan gidan. Wata mata daga wani gari ta ɗauka wurin neman haihuwa ne, ta ɗaura nata ƙyallen a reshen ƙasa ta ajiye ƙwarya da fura. Na sha furar, don kada ta lalace. Wani Bafillace ya tsayar da shanunsa ya daɗe yana kallo, sanda bisa kafaɗa, sannan ya ɗago murya ya ce, "Kai, mai hula! Kaciya aka yi wa kukar?" Na ce aikin gwamnati ne. Ya ce to Allah ya ba su lafiya, ya kora shanunsa.

Reshe ɗaya ne kawai ban taɓa ba, na gabas, wanda ya miƙa bisa dangar kawu. Akwai kogo a gindinsa, zuma ta yi gida. Ranar da na nufe shi suka fito suka yi mini bayani a wuya da kunne, ɗaya har ta shiga ƙarƙashin hula ta sami fili. Na sauko ba ta turaku ba. Daga nan na bar wa abokan gaba wannan reshe, na gaya wa mutane tarko ne.

Sauran kuwa na yi nasara ƙwarai. Furanni suka riƙa buɗewa a cikin hulunansu ba mai gani, ba mai taɓawa, su ruɓe, su faɗo kowanne naɗe da likkafaninsa. Ba sawun farce ko ɗaya. Jemagu suka gaji da kewaya, suka koma kukokin maƙwabta da reshen gabas. Na je fada na ba da rahoto cewa sama ta kwanta. Na fara tambayar farashin goro.

Damina ta wuce, aka yanke hatsin da kusa suka rage mana. Kukoki suka zubar da ganye, abin da kowace ta ɗauka ya fito fili. Ta maƙwabta, ta bakin rijiya, har wata gurguwa da ke bayan makabarta, duk sun yi lodi, ƴaƴa suna reto a dogayen igiyoyi. Wallahi in ka hango su daga nesa sai ka ce kusa ne aka rataye ta wutsiya. Ta taubashiyata kuwa tana tsaye tsirara, ba komai sai guntayen kaba da wani hannun rigata da ya maƙale. Reshen gabas kaɗai ne ya ɗauka, shi kam har yana rinjaya.

Na ce hutawa take yi. Na ce baki ne, mutane sun cika kallonta. Na ce ramuwar gayya ce, jemagu sun yi mata asiri. Taubashiyata ba ta ce komai ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, don tunda aka haife ta ba ta taɓa rasa abin faɗa mini ba. Tabarma dai ta daina fitowa.

Ana nan sai ga mobilet. Malamin gona ya dawo ganin yadda aka ƙare da kusa. Aka taru, aka zube masa wutsiyoyi a buhu, ya toshe hanci ya yaba. Ni kuma na matso na ƙame, na ba shi rahoton rundunar sama da Faransanci: gwangwani, hayaƙi, huluna, duka. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Ya ce shob me? Na ce suri. Sai ya dafa mobilet, ya sunkuya, kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka kuka yake don jin daɗi. Har ƙasa ya zauna, yana share hawaye da hular kakinsa.

Da ya samu numfashi ya ce in gaya wa jama'a abin da zai faɗa. Ya ce furen kuka dare ɗaya gare shi, ko an taɓa ko ba a taɓa ba zai faɗo. Ya ce garin nan rawaya da na gani a fuskar jemage ba na sata ba ne, saƙo ne. Kuka ba ta ɗaukar ciki sai an kawo mata gari daga furen wata kukar, ita kuwa ba ta da ƙafar zuwa. Sai ta buɗe da magariba, ta saki warin nan, ta ajiye ɗan ruwa mai zaƙi a ciki. Jemage ya zo ya sha ladansa, ya kwashi gari a fuska ya kai wa ta gaba. Ya ce ɗorawa ma haka, rimi ma haka.

Na juyo wajen jama'a na gyara murya na ce, "Malam ya ce an gode, aiki ya yi kyau, sai dai baɗi a ɗan sassauta."

Sai na ji daga bayana an ce, da Hausa, "A'a, Mushe. Ba haka na ce ba."

Ashe watannin nan da ya yi a Magarya bai zauna banza ba, ya koyi Hausa a wajen masu tuwon tasha. Karyayya ce, tana ɗingishi, amma ta isa inda za ta. Ya maimaita komai da bakinsa, ni ina tsaye kafaɗa da kafaɗa da shi, ba hanyar gudu.

Mai gari ya ce, "Ashe ɗan aike ka kora."

Liman ya ce, "Ɗan aike kawai? Damina guda yana bisa itace yana raba aure. Subhanallahi. Da ya tambaye ni da na gaya masa."

Maharbin nan bai yi mini ba'a ba. Ya matso ne kawai ya tambayi malamin gona, a hankali, ko a ƙasar Nasara akwai wani abu kuma da ake kira mai sanƙo, don a san shi tun da wuri.

Yau in na ba yara labarin nan, abin da ya fi ba su mamaki ba wautata ba ce, yawan jemagun ne. Ba su taɓa ganin magaribar da sama ke yin baƙi da su ba. Gamjin fadama da na ji tsoro, wasu da ba su ji ba sun sare shi, durumin ma ya bi shi, tafkin ya zama gona. Ƴan da suka rage sai ka yi sa'a ka ga ɗaya ko biyu sun gilma, ban san inda suke wuni ba. Tsofaffin kukokin suna nan suna fure duk shekara, suna sakin warinsu suna jira, amma abin da suke ɗauka bai kai na da ba. Abin da na yi wa itace ɗaya da tsumma, an zo an yi wa ƙasa duka da gatari, kuma ba wanda aka yi wa dariya sai ni. In lokacin fure ya yi nakan ja kujera in zauna waje da magariba, jikoki suna cewa tsoho yana shan iska. Ba iska nake sha ba, aike aka yi mini tun shekarar kusa ban cika ba, ga kuma yadda aka yi aiken.

Kwana biyu bayan tafiyar malamin gona na sa goro a aljihu na nufi gidanta, don ni mutum ne mai ƙarfin hali. Na tarar ta sa an kakkaɓo ƴaƴan reshen gabas, tana zaune a gindin kuka tana fasa su da dutse, yaran suna gefe suna tsotsa. Duka abin bai cika kwando ba, ɗan rumbun yana can baki buɗe. Na yi sallama ta amsa ba ta ɗago ba. Ba tabarma, sai na tsuguna.

Na ce, "Taubashiya, in an bi magana a hankali, cewa kika yi in kuka ta haihu. Ga shi kuwa ta haihu."

Ta fasa wani.

Na ce, "Kuma in an duba da kyau, laifin na Nasara ne. Shi ya ga dabba da gashinta ya ce mata mai sanƙo, ya ga mai fiffike ya ce kusu. Ni abin da aka koya mini na bi."

Ta fasa wani. Zufa ta karyo mini, na manta kaina, na cire hula na share goshi. Rana tana daf da faɗuwa, ta haska filin nan tas. Yaran suka daina tsotsa. Na yi maza zan mayar, ta ce in bar shi ya sha iska, ai tun muna yara ta san da zuwansa.

Na fito da goro na ajiye a gabanta na ce, "To, maganarmu fa?"

Ta ɗauki goron ta juya shi, ta miƙo mini abina, sannan ta dube ni daga goshi har ƙeya.

Ta ce, "Mushe, masu sanƙo biyu ke yi mini zarya da magariba, ka tashi ka kori mai amfanin. Je ka nemo mini shi, shi zan aura."